Kacala da jan-baki: Yadda aikin gayya ke kare fadamun Kebbi

Manoman shinkafa da masunta a kwarin Rima, tun daga Argungu har zuwa Birnin Kebbi, suna fama da abubuwa uku da mutum ɗaya ba zai iya kawar da su daga gonarsa ba: ciyawar ruwa da ke toshe magudanai, tsuntsayen jan-baki da ke faɗa wa shinkafa, da kuma ɓeraye.

Dukansu ukun suna tsallaka iyakar gona yadda suka ga dama. Wanda ya share tasa magudanar alhali maƙwabcinsa bai share ba, kafin damina ta zagayo ciyawar ta dawo masa. Wanda ya kori tsuntsaye daga gonarsa, gonar ɗan uwansa ya tura su.

Wannan ne ya sa masana aikin gona ke ƙara mayar da hankali ga wata tsohuwar al'ada ta ƙasar Hausa, wato gayya, da kuma tsarin sarautun ruwa na Kabawa, a matsayin makamin da ya fi dacewa da irin wannan yaƙi.

Abin da ke cikin kwarin

Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato, daga nan ruwan ya gangara kudu maso yamma ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi ruwan Gulbin Zamfara da na Gulbin Ka, sannan ya zuba a Kogin Kwara.

A tsawon wannan tafiya, kogin ya shimfiɗa fadama mai faɗin kilomitoci. Da damina ruwa ya malale ta, da rani ya janye ya bar tafkuna da ƙasa mai laima. A kan wannan hawa da sauka na ruwa ne aka gina rayuwar yankin: shinkafa da damina, su idan ruwa ya fara ja, kiwo da lambu da rani.

Darajar fadamar ta ƙaru sosai a shekarun baya-bayan nan. A watan Nuwamba na 2015 ne aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa rance a jihar Kebbi. A 2016 jihar ta haɗa gwiwa da Legas wajen fitar da shinkafar Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu.

Noman rani ya bunƙasa, injinan ban ruwa sun yawaita, filayen da a da ake barin su su bushe yanzu suna da ruwa kusan duk shekara. Wannan ci gaba ya kawo kuɗi, ya kuma samar wa ciyawa da tsuntsaye da ɓeraye yanayin da suke so.

'Yar gida da ta fi ƙarfin gida

Ciyawar da ta fi damun masu noma a fadamun arewacin Najeriya ita ce kacala, wadda wasu ke kira shalla, masana kimiyya kuma suka san ta da sunan Typha. Doguwar ciyawa ce da kan kai mita uku ko fiye, mai dogon ganye, da kai mai kama da zangarniyar gero.

Kacala tsohuwar ciyawa ce a Afirka. Tun da can tana fitowa a bakin tafkuna, ana yin asabari da rufin ɗaki da ita, ba tare da ta dami kowa ba. Yanayin ruwa ne ya sauya har ta zama annoba.

Tana son ruwa mara zurfi da ke tsaye a wuri ɗaya duk shekara. A tsohon tsarin fadama, abubuwa biyu ne ke taka mata birki. Ambaliyar damina takan nutsar da ita ko ta tumɓuke ta, sannan zafin rani ya busar da ƙasa har saiwarta ta mutu.

Madatsun ruwa sun rage ƙarfin waɗannan abubuwa biyu. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Gulbin Rima kuma a 1984. Madatsa takan riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani domin masu ban ruwa. Ta haka, a mafi yawan shekaru ambaliya ta ragu, bushewar rani ma ta ragu.

Binciken da aka yi a shekarun 1980 a kan ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya nuna cewa raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamar. Yaɗuwar ciyawar ruwa wani ɓangare ne na wannan sauyi. Takin zamani da ke wankowa daga gonaki zuwa cikin ruwa shi ma yana ƙara mata ƙarfi.

Hanyar yaɗuwarta biyu ce. Kai guda na kacala yana ɗauke da iri fiye da 100,000, marasa nauyi, waɗanda iska da ruwa ke kai su nesa. A ƙarƙashin laka kuma tana da saiwa mai kauri da ke tafiya a kwance tana fitar da sababbin tsirrai, har su haɗe su zama kurmi guda da ba ya ratsuwa.

Ɓarnar da take yi

Idan kacala ta kama magudanar ruwa, gudun ruwan yakan ragu, laka ta taru a gindinta, magudanar ta cike. Ruwan da ya kamata ya isa gonakin ƙasa sai ya tsaya ya malale gonakin sama. Wasu na kukan ruwa ya yi musu yawa, wasu na kukan bai iso ba, alhali dalilin ɗaya ne.

Masunta sukan rasa wurin jefa koma da hanyar kwale-kwale. Makiyaya sukan rasa mashaya, sannan kacala tana korar burgu, ciyawar fadama mai daɗi da shanu ke dogaro da ita da rani. Inda mashaya ta toshe, dabbobi kan bi ta gefen gonaki, kuma daga nan ne rigima tsakanin manomi da makiyayi kan taso.

Akwai kuma batun lafiya. Ruwan da ya kwanta a cikin ciyawa matattarar sauro ce, kuma mazaunin ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ta daɗe tana damun yara a garuruwan bakin kogi.

Babbar illarta ga mai shinkafa ita ce ta zama masaukin jan-baki. Tsuntsayen suna son kwana da sheƙa a cikin ciyawa mai duhu da ruwa ya kewaye, inda mutum da dabba ba sa iya kai musu. Kurmin kacala a gefen gonar shinkafa ya haɗa musu makwanci da abinci a wuri guda.

Yadda ake kashe ta

Manoma da yawa sukan banka wa kacala wuta da rani. Wutar takan cinye ganyen sama ta bar saiwar a cikin laka, toka ta zama taki, bayan 'yan makonni ciyawar ta fito kore shar.

Dabarar da bincike ya tabbatar tana da alaƙa da yadda ciyawar ke shan iska. Ganyen kacala yana da ƙananan ramuka a ciki waɗanda ke kai iska zuwa saiwar da ke cikin laka. Idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kuma ruwan ya ci gaba da rufe kututturen har tsawon makonni, iska ba ta isa saiwar, sai ta shaƙe ta ruɓe.

Lokacin yankan ma yana da muhimmanci. Ya fi tasiri sa'ad da ciyawar ta fara fitar da kai, domin a lokacin ta kashe mafi yawan abincin da ta ajiye a saiwa, kuma irin bai nuna ba balle ya watsu. Sai an maimaita yankan sau biyu ko uku kafin wuri ya tsarkaka, kuma dole a fitar da abin da aka yanka daga cikin ruwa, don kada ya ruɓe a ciki ya ƙara toshe hanya.

Wannan aiki ne na lauje da adda da kwale-kwale, mutum na tsaye cikin ruwa har ƙugu ko ƙirji, ga matsattsaku, ga macizai. Magidanci da 'ya'yansa za su iya share gefen gonarsu, amma magudana mai tsawon kilomitoci sai an tara gari.

Darasin Hadeja da Nguru

Wurin da aka fi sanin wannan matsala a Najeriya shi ne dausayin Hadeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, kuma abin da ya faru a can gargaɗi ne ga kwarin Rima.

Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, Kogin Hadeja ya koma gudu duk shekara. Kacala ta mamaye rassan kogin, wasu suka toshe gaba ɗaya, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma, ya malale gonaki da wasu ƙauyuka a ɓangaren Nguru, a daidai lokacin da wasu garuruwan ke rasa ruwa.

A shekarun 2000, da tallafin wani shiri na hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, garuruwan yankin sun haɗa kai, manoma da masunta da makiyaya, suka riƙa fita aikin gayya suna share mashigun ruwa. Inda aka yi aikin, ruwa ya koma hanyarsa, aka sake noma filayen da aka yi shekaru ba a taɓa ba.

Sai dai an kuma ga cewa duk mashigar da aka share aka bar ta ba kulawa, ciyawar takan dawo. An ga cewa inda laka ta yi kauri sai an kawo injin haƙa, hannu kaɗai ba ya wadatarwa. Kuma muddin ba a daidaita yadda ake sakin ruwa daga madatsa ba, ta yadda fadama za ta samu lokacin bushewa, tushen matsalar yana nan.

Baƙuwa daga Kudancin Amurka

A kudancin jihar Kebbi, a yankin Yawuri, ciyawar da ta addabi masunta ta daban ce. Wata irin kainuwa ce mai kumburarren kara da kyakkyawan fure mai launin shuɗi-shuɗi, wadda masana ke kira Eichhornia. Asalinta daga yankin Amazon na Kudancin Amurka ne, kuma masu sha'awar furanni ne suka yaɗa ta a duniya.

An fara ganinta da yawa a Najeriya a 1984, a mashigun ruwan Badagry kusa da iyakar Jamhuriyar Benin. Bayan 'yan shekaru ta bayyana a Kogin Kwara, tana gangarowa daga sama zuwa tafkin Kainji. Idan yanayi ya yi mata daɗi, yawanta kan ninka cikin kimanin mako biyu, irinta kuma kan yi shekaru a cikin laka bai mutu ba.

A shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a Kainji ya tsara ƙauyukan masunta suna kwashe ciyawar da hannu daga bakin tafkin, tare da goyon bayan sarakuna. An kuma gindaya wani shinge mai yawo a kan ruwa a kusa da Zamare, domin tare ciyawar kafin ta shiga tafkin, sannan aka saki wasu ƙananan ƙwari da aka kawo daga mahaifar ciyawar waɗanda ba su cin komai sai ita.

Irin waɗannan ƙwari ne suka taimaka wajen karya lagon ciyawar a tafkin Victoria na gabashin Afirka a ƙarshen shekarun 1990. A can ma masunta ne suka riƙa kiwon ƙwarin a cikin tankuna suna sakinsu a ruwa.

Tsuntsun da ya fi kowane yawa

Jan-baki ɗan ƙaramin tsuntsu ne, nauyinsa kimanin gram 20 ne, amma ana ɗaukarsa a matsayin tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Ƙiyasin da aka fi ambata ya kai biliyan ɗaya da rabi, duka a Afirka kudu da Sahara.

Tsuntsu ɗaya kan ci ko ya ɓarnatar da kimanin gram 10 na hatsi a rana. Garke mai tsuntsu miliyan biyu ke nan zai iya cinye tan 20 kafin faɗuwar rana.

Ainihin abincinsa irin ciyawar daji ne, kuma yana bin ruwan sama daga wuri zuwa wuri, yana tsallaka iyakokin Najeriya da Nijar da Benin. Yakan koma kan amfanin gona ne idan irin daji ya yi ƙaranci, wato a ƙarshen rani da farkon damina, sa'ad da abin da ya zuba a ƙasa ya ƙare ko ya tsira.

Nan ne noman rani ya haɗu da shi. Shinkafar da aka dasa da sanyi takan fitar da kai a lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Tsuntsun ya fi son ƙwayar tun tana da ruwa-ruwa kamar madara, kafin ta yi tauri. Makonni uku ko huɗu ne masu haɗari, amma a cikinsu manomin da ya ci bashin taki da man fetur zai iya rasa komai.

Hanyar gargajiya ita ce kora. A kafa rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyoyi a rataya gwangwanaye, yara su wuni suna ihu da jifa da majajjawa tun daga ketowar alfijir har magariba. Kora tana rage ɓarna a gonar da ake tsaro, amma ba ta rage yawan tsuntsayen, kuma a lokuta da dama tana hana yara zuwa makaranta.

Feshi ko tarko

Idan abin ya yi ƙamari, gwamnatin tarayya da ta jiha kan yi hayar jirgin sama ya yi feshin guba a makwancin tsuntsayen da daddare ko da magariba. Kebbi na cikin jihohin kan iyaka da aka sha yin wannan feshi. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi a Afirka shi ne fenthion.

Feshi yana kashe tsuntsaye da yawa a dare ɗaya, amma yana da tsada, kuma sau da yawa jirgi kan iso bayan an riga an yi ɓarna. Gubar tana kashe wasu tsuntsayen da ba ruwansu, har da shaho da mujiya da ke cin gawar jan-bakin, waɗanda su ne ke rage ɓeraye a gona. Inda makwancin ke kan ruwa, gubar na iya shafar kifi. Akwai kuma haɗarin mutane su tsinci matattun tsuntsayen su kai kasuwa.

Shekaru da dama na feshi a faɗin Afirka ba su rage yawan jan-baki ba, domin yana hayayyafa da sauri, ƙwansa kan ƙyanƙyashe cikin kimanin kwana goma. Saboda haka masana suka koma ba da shawarar a mayar da hankali kan garken da ke kusa da amfanin gona kawai, a kuma nemi hanyoyin da ba na guba ba.

Ɗaya daga cikinsu ita ce kamu da raga. A yankin tafkin Chadi, mafarautan ƙabilar Hadjerai sun shahara wajen kama jan-baki da daddare a makwancinsa, su gyara shi su soya ko su shanya, su sayar a kasuwannin N'Djamena. A gundumar Kondoa ta Tanzaniya kuwa, manoma suna amfani da tarkon kwando da suke saƙawa da kansu. Tsuntsun da aka kama ta wannan hanya nama ne mai tsabta, kuma abin sayarwa.

Wata dabarar ita ce haɗa lokacin shuka. Idan duk masu gonaki a fadama guda suka dasa a mako ɗaya, da iri mai kwanaki iri ɗaya, shinkafar za ta nuna tare, ɓarnar ta rarrabu a kan kowa kaɗan-kaɗan. Idan kowa ya dasa sa'ad da ya ga dama, tsuntsayen za su samu abinci na wata da watanni, suna tashi daga wannan gona zuwa waccan.

Aikin sa ido shi ma na jama'a ne. Masunta da makiyaya ne ke fara ganin inda garke ya sauka. Idan labarin ya isa ga malaman gona da wuri, ana iya sare ciyawar makwancin ko a tarwatsa sheƙar kafin a ƙyanƙyashe.

Ɓeraye

Ɓarnar ɓera ba ta da hayaniya kamar ta tsuntsu, shi ya sa ake raina ta. Yana tone irin da aka shuka, yana yanke karan shinkafa daga gindi, yana huda kunyoyin da ke riƙe ruwa, bayan girbi kuma ya bi hatsin har rumbu.

Ɓeran gona da ya fi yawa a yankin yana haihuwa bayan kimanin mako uku da ɗaukar ciki, kuma uwa ɗaya kan haifi goma ko fiye a lokaci guda. Manomin da ya kashe na gonarsa shi kaɗai, cikin kwanaki wasu za su cike gurbin daga maƙwabta.

A ƙasashen Indonesiya da Vietnam an gwada wata dabara ta gari guda tun shekarun 1990. Ana ware ɗan fili a dasa shinkafa mako biyu ko uku kafin kowa, a kewaye shi da shingen leda, a bar ƙananan ƙofofi masu tarko. Ɓerayen yankin sukan bi ƙamshin shinkafar da ta riga nuna su faɗa tarko. Fili guda kan kare hekta goma ko fiye na kewayensa, amma sai an samu masu duba tarkon kullum, kuma sai kowa ya ba da nasa kason na kuɗin leda.

Akwai abin lura a nan. Wannan ɓera shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Jami'an lafiya suna gargaɗin kada a taɓa ɓera da hannu tsirara, kada a ci namansa, a kuma binne ko a ƙone wanda aka kama.

Sarkin Ruwa da Homa

Abin da Argungu ke da shi wanda wurare da yawa ba su da shi shi ne tsohon tsarin kula da ruwa da har yanzu ake jin maganarsa.

Bikin kamun kifi na Argungu, a yadda aka san shi yanzu, ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabawa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

A bayan bikin akwai doka. Ana hana su a Matan Fada har sai ranar da aka buɗe ruwa, domin kifi ya samu damar girma. Sarkin Ruwa ne ke kula da lafiyar kogin da tsabtarsa, Homa kuma shi ne shugaban masunta. Waɗannan sarautu gado ne, kuma tare da su ake gadon sanin ruwa: inda ya yi zurfi, inda kifi ke ƙwai, da alamun da ke nuna ruwa ya ɓaci.

Wannan tsari ne ke sa a iya kama giwan ruwa mai nauyin kilo 78, kamar yadda aka yi a bikin 2020, wanda aka gudanar bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Al'ummar da ta iya hana dubban masunta taɓa ruwa na tsawon watanni, tana da ikon sa ranar fita yankan ciyawa ko ranar dasa shinkafa.

Ga kuma ƙungiyoyin zamani. Shirye-shiryen Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 sun kafa ƙungiyoyin masu amfani da fadama a ƙauyuka. Shirin gyaran ban ruwa na TRIMING, da bankin ya amince da shi a 2014, wanda ya haɗa da Bakolori da tsakiyar kwarin Rima, ya ɗora alhakin kula da ƙananan magudanai a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Inda gayya ke gazawa

Gayya tana tafiya ne a kan ramuwa: yau a yi wa wannan, gobe a yi wa wancan. Tana da ƙarfi a inda kowa ya san kowa, kuma gonar ta gado ce.

Noman kasuwa ya kawo sababbin fuskoki. Wanda ya yi hayar fili na kaka ɗaya ba shi da dalilin ɓata kwana uku yana share magudanar da ba shi zai mora baɗi ba. Matasa kuma sun saba da aikin ƙodago na kuɗi, ga shi lokacin yankan ciyawa yakan zo daidai da lokacin da kowa ke da aiki a gonarsa.

Akwai kuma matsalar wanda ya zauna a gida amma ya ci moriyar aikin. Idan babu tara ko wani hukunci da kowa ya amince da shi, masu fita sukan ragu shekara bayan shekara.

Sannan kogi ya fi gari guda girma. Iri da ciyawa suna gangarowa daga sama, kuma shawarar lokacin sakin ruwa daga Goronyo tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Babbar ambaliya irin ta 2020, wadda rahotanni suka ce ta shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a Kebbi, tana iya tumɓuke ciyawa a wani wuri ta dasa ta a wani.

Mayar da ciyawa kuɗi

Saboda waɗannan dalilai ne ake neman hanyar da mai yankan ciyawa zai samu wani abu a aljihu. A kwarin Kogin Senegal, inda kacala ta mamaye dubban hektoci bayan gina madatsar Diama a 1986, ƙungiyoyin ƙauyuka a yankin Rosso na Muritaniya suna mayar da ita gawayin girki, abin da ke rage sare itatuwa. A Senegal ana gwada ta a gini, ana cuɗa ta da ƙasa domin rage zafin ɗaki.

A kwarin Hadeja ma an yi bincike a ƙarƙashin shirin TRIMING kan sarrafa ɗanyar kacala ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki.

Masana na jan hankali cewa dole manufar ta kasance buɗe hanyar ruwa. Idan aka yanka ciyawar a saman ruwa don neman kara mai kyau, za ta sake fitowa da ƙarfi, magudanar kuma tana nan a toshe.

Matsalar ta duniya ce. Wani rahoton masana da aka fitar a 2023 ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce baƙin tsirrai da dabbobi masu mamaya suna jawo asarar fiye da dala biliyan 423 a shekara, kuma kainuwar Amazon ce ta fi kowanne yaɗuwa. A gaɓar tekun Najeriya, wani irin kwakwar ruwa da aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906 yana ci gaba da korar itatuwan gaɓa na asali. A New Zealand, inda gwamnati ta sanar a 2016 cewa tana son kawar da ɓeraye da wasu dabbobi masu cin ƙwan tsuntsaye kafin 2050, dubban 'yan sa-kai ne ke ɗana tarkuna a gandun daji da bakin teku, suna rubuta abin da suka kama.

Abin da ya haɗa wuraren da aka yi nasara shi ne naci, da rubuta abin da aka yi, da kuma hukuma da ke kawo abin da jama'a ba za su iya ba. A kwarin Rima, wannan na nufin injin haƙa a inda laka ta yi kauri, takalman ruwa da maganin tsargiya ga masu shiga ruwa, da kuma zama tsakanin hukumar madatsa da manoma da masunta da makiyaya a kan lokacin sakin ruwa.

Sauran aikin, wato sa rana, tara mutane da hukunta wanda ya ƙi fita, yana hannun masu gari da sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma.